Ba a Wanke Mai Rai a Kwance

A da, idan ka bi titunan unguwar Nassarawa da hantsi, kunnenka ne ke gaya maka gidan da ke da mutane. Shingen gidajen na furanni ne, bai kai ƙirjin babba ba, saboda haka komai a fili yake: lugude daga bayan kicin, kukan jariri, muryar wata tsohuwa tana korar awaki daga shanyar kuɓewarta. Turawa sun tafi sun bar manyan gidaje a ƙarƙashin itatuwan maɗaci, iyayenmu ma'aikata suka shiga, suka kuma shigo da danginsu kakaf. Ɗakin da Bature ya gina don ajiye kwalabe, sai ga ƙanen uba a ciki da tabarmarsa da butarsa. Wanda ya kwanta ciwo a irin gidan nan, hannuwa ne ke yi masa yawa. Yanzu kuwa katanga ce doguwa da waya mai ƙaya a kanta, da ƙofar ƙarfe da ba ta buɗuwa sai mota ta yi hon. Abin da kake ji kawai gurnanin janareto ne. A bayan katangun nan, gida bayan gida, akwai tsoho ko tsohuwa guda a ɗakin ƙurya, talabijin a kunne ba mai kallo, 'ya'ya suna Abuja ko ƙasar waje suna bugo waya su tambayi jiki.

Ni a ɗaya daga cikin gidajen nan na tashi. Kakata Iya, wadda ta haifi mahaifina, ba ta taɓa yarda da gidan ba. Ta ce ita ba za ta kwana a ɗakin da ba a jin ƙamshin hayaƙi ba, har sai da aka gyara mata wani ɗan ɗaki a baya kusa da murhu. Ban kai ga fara cikakken azumi ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, jinyarta kuwa ta faɗa a hannun Gwaggo Hauwa, ƙanwar mahaifina. Aikina shi ne ruwa. In hura wuta, in ɗora tukunya, in sirka a daro, in tsoma gwiwar hannu in ji ɗuminsa, in jera sabulun salo da soso da man kaɗanya a faifai. Har yau in na ji ƙamshin turaren wuta ya haɗu da na sabulun salo, ɗakin nan nake gani, da hasken rana yana shigowa ta ƙasan labule.

Wata safiya Gwaggo ta tashi da targaɗe a hannu, ta ce yau ni zan yi, ita tana kallo. Na ji kaina ya yi girma. Na ga ai zai fi sauƙi in Iya ta miƙe sosai, sai na zare matashin da take jingine da shi, na kwantar da ita rigingine, na jawo wani farin ƙyalle daga cikin wankin mahaifina na lulluɓa mata, na sunkuya ban ce uffan ba. Ban ankara ba sai na ji duka a bayan hannuna.

"Ke! A ina kika ga ana wanke mai rai a kwance?" in ji Gwaggo. "Ɗauke farin ƙyallen nan kafin in saɓa miki. Tashe ta zaune. Ɗauko zanenta mai ruwan goro. Ki zauna ƙasa da ita, kada ki tsaya mata a ka. Kuma bakinki kada ya yi shiru. In ba ki da labari ki ƙirƙiro. Shiru na masu haɗa gawa ne."

Iya ta yi dariya da rabin bakin da ya rage mata, ta ce, "Ƙyale ta, Hauwa. Sauri take ta gaji 'yan kunnena."

Ranar na koyi yadda ake sa hannu ta ƙarƙashin zane a wanke babba ba tare da ido ya ga abin da bai kamata ba, da yadda ake neman izini kafin a taɓa kowace gaɓa, da yadda ake miƙa mata soso ta wanke wurin da ya zama nata da hannunta mai lafiya. Ina yi ina ba ta labarin faɗan da kaji suka yi, tana ƙaryata ni.

Daga baya makarantar nas ta goge mini wannan duka daga kai, ko kuma ni na goge shi, don a lokacin duk abin da bai zo a littafi ba ƙauyanci muke ce masa. Aiki ya kai ni nesa. Na yi jinya da Larabci a Hartum, inda dangin mara lafiya ke tarewa a harabar asibiti da butar shayinsu kamar sun zo zama. Na yi a Jidda, inda na ga an ɗauko mata daga ƙasashe masu nisa su kula da tsofaffin da ba sa jin yaren juna, sai nuni da hannu. Na yi a Yamai da Faransanci da Zabarmanci, can kam kamar gida ne. A Landan na ga gidajen tsofaffi fes, komai da agogo, ana juya mutum a kan gado a kan lokaci don kada bayansa ya yi gyambo, sai dai shirun wurin yana da nauyi. Abin da ya burge ni a can guda ne: jinyar tsoho sana'a ce, ana koyonta, ana ba da takardar shaida, mai yinta ba ya sunkuyar da kai in an tambaye shi aikinsa.

Da na yi ritaya na dawo Nassarawa, inda kowa ke ce mini Hajiya Sista. Ban daɗe ba na shiga dubiya gidan maƙwabcina Alhaji Sabo, wanda mahaifiyarsa Hajiya Babba ta shekara a kwance. Ɗaki ne na alfarma, sanyi kamar cikin randa, amma ina shiga hancina ya gaya mini abin da ake ciki. Da na lallaɓa ta na duba bayanta, sai ga gyambo a ƙasan ƙugu, tafin hannu zai rufe shi da ƙyar. Ba mugunta ba ce. 'Ya'yanta mata suna aure a wasu garuruwa, surukarta tana fita aiki, 'yan aikin gidan tsoron taɓa ta suke, shi kuma ɗa namiji ina zai fara? Babu wanda ya iya, shi ke nan. A ƙofar ɗakin nan na yanke cewa zan buɗe kwas na koyar da mata jinyar tsofaffi a gida.

Sau uku ina zuwa ofishin da ke ba da izinin irin wannan makaranta kafin in ga mai sa hannu. Ya saurare ni yana juya biro, ya ce, "Hajiya, jinya kuma sai an koya? Ai kowace mace da ita aka haife ta." Na ce masa in haka ne ya zo in nuna masa bayan wata tsohuwa. Bai zo ba, bai kuma sa hannu ba. Na ce to, takarda ta same ni a hanya. Na share garejin gidana, na sa benci da allo da gadon asibiti, na aika sanarwa makarantun Islamiyya na mata da coci-coci. Ranar buɗewa mata biyu suka zo, ɗaya ma ta ɗauka aikin Saudiyya ake ɗiba. Sai na ɗaura mayafi na shiga unguwannin Gama da Kawaji gida-gida. A wani zaure maigidan ya ce mini, "Matata ce za ta je ta kwashe bayan gidan uwar wani? Allah ya kiyaye." Na ce masa amin, Allah ya sa shi ma kada ya tsufa a hannun wanda bai iya ba. Da irin wannan na tara mata bakwai.

Na zauna na juya littattafan da na zo da su daga Turanci da Faransanci zuwa Hausa, darasi bayan darasi. Ruwan damina ya taɓa shigowa garejin ya jiƙe rabin rubutun, na sake shi daga farko ban yi ƙorafi ba. Na samo mutum-mutumi na roba na kwantar a gado. Na ɗinka musu fararen riguna, na sayi fararen zannuwan gado, na koya musu sa safar hannu da zarar sun shiga ɗaki, da kwantar da mara lafiya a miƙe, da yin aiki cikin natsuwa ba surutu, ina tsaye da agogo ina auna saurinsu. Wadda ta fi kowa ita ce Rahila, 'yar ƙasar Zariya, Kirista ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a Kawaji, ƙosai take soyawa kafin ta zo wurina. Hannunta yana da sanyi, ba ta da ƙyama. Alhaji Sabo ya yarda a fara da mahaifiyarsa, wasu gidaje huɗu kuma a unguwarmu sun yi alkawarin ɗaukar ɗalibaina, amma kowa ya ce bari ya ga yadda za ta kaya a gidan Alhaji Sabo tukuna. Saboda haka rayuwar makarantar gaba ɗaya ta rataya a kan wankan safiya guda.

Rahila ta yi komai yadda na koya mata, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba, ina bakin ƙofa ina jin daɗi. Ta shiga da farar riga, ta tsaya a kan Hajiya Babba, ta ja safar hannu ta yi ƙara ɗas, ta zare matashi ta miƙar da ita, ta ja farin zanen gado har wuya, ta jawo daro ba ta ce komai ba. Sai tsohuwa ta ɗaga murya da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi.

"La'ilaha illallahu! Sabo! Sabo! Zo ka gani, sun zo haɗa ni da raina!"

Ta wawuri kofi ta jefa, ta fashe da kuka tana salati. Alhaji Sabo ya shigo ba hula, ya dube ni ya ce, "Hajiya Sista, don girman Allah ki kwashe yaranki ki fita." Kafin sati ya zagayo labari ya gama gidajen biki da na suna, an raɗa mana suna makarantar wankan gawa. Gidajen nan huɗu kowa ya bugo waya da uzurinsa. Ɗalibai uku suka daina zuwa. Ƙawayena suka yi ta ce mini in rufe garejin in huta, mace mai shekaruna me take nema.

Da farko tsohuwar na ɗora wa laifi. Na tsaya gaban mata huɗun da suka rage ina faɗan jahilci da camfi. Rahila ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, "Mama, ni fa ko da nake yi jikina bai ba ni ba. Na yi jinyar kakata a ƙauye, ba haka muke yi ba. Amma kin ce littafi." Na duba bayan hannuna kamar yanzu Gwaggo ta doke shi. Abin da aka hana ni ina yarinya, shi na zauna na rubuta da kyakkyawar Hausa na koya wa matan mutane.

Wannan bai sa na rufe ba. Kuskuren nawa ne, to gyaransa ma nawa ne, kuma gyambon Hajiya Babba bai san an yi faɗa ba, ci yake yi. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, abin da na riƙe daga gare ta kuwa guntu-guntu ne. Na shiga cigiya, aka kwatanta mini wata dattijuwa a Gama, Baba Talatu, wadda duk lungunsu in tsoho ya kwanta ita ake kira. Na je da kaina na ɗauko ta a mota. Ta shigo garejin tana tauna goro, ta zagaya mutum-mutumin robar nan, ta ɗaga masa ƙafa ta saki.

"Wannan ce mara lafiyar taku? To ai ita ba ta da kunya, ba ta da tsoro. Me za su koya a jikinta?" Ta ture shi gefe, ta nuna ni da haɓa. "Hau gadon."

"Ni, Baba?"

"Ke fa, 'yar boko. Ko kin fi ƙarfin a wanke ki ne? Ku kuma ku yi mata yadda ta koya muku, kada ku rage komai."

Na hau da kayana a jikina. Suka zare matashi, suka ja mini farin zane har wuya, suka tsaya a kaina su huɗu cikin fararen riguna, ba mai magana. Ba na ganin komai sai rufin gareji da ƙasan haɓarsu. Na ji ƙarar safar hannu. Wallahi ban kai minti biyu ba na ji ina neman kalmar shahada. Na yi wa mutanen da ban san iyakarsu ba haka, a ƙasashe huɗu, ban taɓa ganin abin daga ƙasa ba. Na yunƙura na tashi zaune, Baba Talatu ta ce, "A'a, ina za ki? Ai ba a gama ba, agogonki bai cika ba." Ɗalibai suka kwashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba.

Daga ranar muka rushe kwas ɗin muka sake gini. Fararen riguna suka koma atamfa. Darasin farko ya zama gaisuwa da zama a ƙasa, na biyu hira. Kowace ɗaliba sai ta hau gadon nan an yi mata kafin ta yi wa wani. Rahila ta koyi yadda ake taimaka wa tsohuwa alwala da juya ta ta fuskanci gabas. Amma ban sakar wa Baba Talatu komai da komai ba. Ta so a riƙa barbaɗa wa gyambo toka, na ce sam, a wannan ni ce malama. Ta ce safar hannu cin mutunci ce, kamar ka ce wa mutum kana ƙyamarsa, na ce ba za a taɓa miki da hannu tsirara a makarantata ba. Muka yi kwana uku muna ja. A ƙarshe muka tsaya a kan a fara gaisawa da hannu haka nan, a shafa mai a ƙafa da hannu haka nan, in an zo kan miki a sa safar ta ƙarƙashin zane, ba ƙara, ba a gaban ido ba. Da na koma ofishin nan na sa sunanta cikin malamai, mutumin ya ce, "Ina takardarta?" Na ce ba ta da ita, ba ta ma iya rubuta sunanta ba, kuma ta fi ni sanin aikin. Ya soke sunan da biro. Na ce ya soke, alli dai a hannuna yake. Har ta rasu ita ke buɗe kowane sabon aji.

Saura komawa gidan Alhaji Sabo. Na tare shi a ƙofa zai shiga mota, ya ce shi fa ba ya son abin da zai sake tayar wa tsohuwa hankali. Na ce, "Alhaji, na yi laifi, na kuma zo da ƙafata. Amma in aka ƙara wata guda a haka, mikin nan zai kai ƙashi. Ka bar mu mu gaishe ta kawai. In ta kore mu, ba za ka sake ganina ba." Ya daɗe yana kallon makullin motarsa, sannan ya ce wa maigadi ya buɗe.

Kwana uku ni da Rahila muna zuwa ba daro ba soso. Mu zauna a kan darduma ƙasa da gadonta, mu gaishe ta, ta juya mana ƙeya, mu tashi. A rana ta huɗu ta ƙura wa Rahila ido.

"Ke ce mai likkafanin nan ko?"

"Ni ce, Hajiya. Na tuba."

"Wa ya aiko ki? Magada?"

"Wallahi Mama ce ta koya mini, ga ta nan."

"Ita wannan ai yawon duniya ya cinye mata hankali," in ji Hajiya Babba. "Me kike yi kafin ki fara tsorata mutane?"

Rahila ta ce ƙosai take soyawa. Tsohuwa ta tambaye ta yadda take surfa wakenta, da ta ji amsa ta ce ai shi ya sa ƙosan yanzu yake shan mai kamar soso. Suna cikin wannan musu Rahila ta ce, "Hajiya, ƙafar nan ta bushe, in ɗan shafa miki mai?" Ba ta ce e ba, amma ba ta janye ba. Washegari muka zo da ruwan ɗumi. Muka tashe ta zaune, na hau gadon ta jingina da ƙirjina, aka buɗe akwatinta ta zaɓi zanen da take so, wani shuɗi mai zanen ganye. Rahila tana durƙushe, hannunta a ƙarƙashin zane, bakinta bai tsaya ba, daga tsadar manja ta koma kan akuyar maƙwabciyarta da ta cinye mata ƙullu. Can sai na ji tsohuwa ta sauke ajiyar zuciya, jikinta ya saki a jikina, ta ce ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, can ƙasan bayana, nan ne ke hana ni barci. Duba mini."

Mikin ya ɗauki watanni kafin ya rufe, amma ya rufe. Hajiya Babba ta ƙara damina biyu a duniya, kuma ita ce ta buɗe mana ƙofofin da aka rufe, don duk wadda ta zo dubiya sai ta nuna mata Rahila ta ce, "Kin ga wannan? Da ta so binne ni, yanzu kuwa ba mai taɓa ni sai ita." Takardar izinin ma daga baya ta iso, lokacin da garejin ya riga ya yi mana kaɗan.

Har yanzu akwai masu ce mana makarantar wankan gawa. Ba na musu da su, jiransu nake, tsufa ba ya tsallake gidan mai katanga. Ni kam na riga na gaya wa ɗalibaina wadda nake so ta zauna a gaban gadona in nawa lokacin ya zo, da irin labarin da ba na son ji. Abin da ya canja kuma ba zai koma ba shi ne, a Nassarawa yanzu baƙuwa ce ke wanke uwar mutum, ba 'yarta ba. Ban ji daɗin hakan ba, ba kuma ni na kawo shi ba. Amma baƙuwar nan ta iya, aikinta yana da suna, kuma ta ƙofar gaba take shiga.